Taragon da Aka Yanke da Sanmu a Ciki

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da ke hana tsoho barcin rana. Iska takan tsaya cak tun hantsi. Tafkin Madarunfa ya ja baya, har masunta na taka laka mai nisa kafin su kai ga ruwa. Hadari kuwa kullum da la'asar sai ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi gunguni, ya watse ba ko ɗigo. A irin wannan rana ce ɗana Sanusi, wanda ke tuƙa kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina, ya ɗauke ni ya kai ni wajen Ɗan Issa in ga inda ake cike ƙasa don sabuwar hanyar jirgi. Na ga tudun jar ƙasa miƙaƙƙe ya ratsa gonakin mutane, manyan injuna na ta nishi a kansa.

"Baba, wanga ba irin naku na da ba ne," in ji Sanusi. "An ce tagoginshi ba su buɗewa, ciki sanyi kamar firijo. Kahin ka gama shan hura kana Kano."

Na ce, "Ina da ina za shi tsayawa?"

"Manyan garuruwa mana."

"To, mu da anka bi ta gonakinmu hwa?"

Ya yi dariya, ya ce ni dai ban yarda da kome ba. Ban yi masa musu ba, don a daidai lokacin wani inji ya tofo hayaƙin man gazuwal ya bugi fuskata. Warin nan mai kama maƙogwaro ya ɗauke ni cak, sai ga ni a tashar Ƙaura Namoda, ina saurayi sabon aure, da igiyar jan sa a hannu da yunwa a ciki.

Daminar da ta gabaci wannan tafiya yaudararmu ta yi. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, ta fito kyakkyawa, sai iska mai rairayi ta taso ta ƙone ta cikin yini guda. Muka sake shuka. Wannan ta tashi har ta kai ƙugu, gero ya fara ciki, sai sama ta bushe kamar an share ta da tsintsiya. Ganye ya naɗe, ya yi fari, in ka taɓa shi sai ya karye. Ɗan abin da ya jure kuma fara ta zo ta ƙarasa. Gandun da kan cika mana rumbuna a jere, a shekarar nan bai kai rabin rumbu ɗaya ba.

Gidanmu yana yamma da tafki, kuma tun mutuwar ubana ƙanensa ne ke riƙe da shi, Baba Cipkau. Shi ne Sarkin Noman garinmu. Bai taɓa sa goshinsa ƙasa ba, al'adar kakanni yake bi, kafin shuka yakan yanka jan zakara a gindin tsamiya. Dogo ne, busasshe, ba shi da yawan magana. In za ya sayi akuya sai ya buɗe bakinta, ya matsa cikinta, ya tambayi wanda ke gefe ko ya san mai ita. Mutane na ce masa mai wuyar sha'ani, amma a hannunsa suke ba da ajiya.

Da kaka ta wuce ya toshe bakin rumbu da laka, shi kaɗai ke buɗewa. Kowace safiya uwargidansa, Inna Gambo, ta je da ƙwarya ya auna mata. Da farko ana tuwo da dare, a dama fura da rana. Daga baya fura ta zama ruwa mai launin fura. Aka fara haɗa dusa. Mata suka shiga daji neman anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake mata ruwa har ɗacinta ya ragu, a dafa a ci, ciki ya yi ta murɗa. Aka ci busasshiyar tafasa, aka ci yaɗiya, aka gaigayi goruba har haƙora suka mutu. Na ga matan gidanmu durƙushe suna tonon ramin tururuwa, suna sheƙe ƙasa don ƴan ƙwayoyin da ta tara. Garin da asuba ke tashi da ƙarar taɓare ya yi shiru, sai kukan yara, shi ma ba ƙarfi. Matata Tamo tana da cikin fari, wuyanta ya yi tsawo, idanunta suka faɗa.

Dammunan iri kuwa a ƙaramin rumbu suke, ba mai ko kallon wurin. Amma ran da ƙafafun autarsa suka kumbura, Baba Cipkau da kansa ya hau ya sauko da su, ya ajiye gaban Inna Gambo ya ce a sussuke. Ranar bai ci ba. Ya fita gindin tsamiya ya zauna har rana ta faɗi.

Abu ɗaya ya rage mana, jan sa. Awaki sun tafi, jaki ya mutu, amma shi Baba Cipkau ya riƙe. Muna yanko masa burugu a bakin tafki, muna kaɗo masa ɗan gawo, har bunun rumfa muka zare muka ba shi. Haƙarƙarinsa sun fito ana iya ganinsu daga nesa, amma yana tsaye.

Ana cikin haka, bazara ta shigo, sai ga Malam Isuhu. Ɗan kasuwa ne daga Ɗan Issa, a shekarun ƙoshi shi ke sayen gujiyarmu. Gajere ne mai sanyin murya, tasbaha kullum a hannu, gaisuwarsa ba ta ƙarewa da wuri. Yakan sha ruwanmu amma ba ya cin yankanmu. Ya zauna gindin tsamiya, ya dubi san, ya dubi Baba Cipkau.

"Sarkin Noma, in ka kai sanka kasuwar nan, abin da za a ba ka ba ya ciyar da gidanga sati guda. Kowa dabba yake saidawa, ba mai saye. Amma kudu, wajen Funtuwa, sun samu damina. Akwai hatsi, nama suke nema. Ni da abokaina za mu loda shanu jirgi a Ƙaura. A sa naka ciki, ka dawo da iri da abin da za ku ci har noma."

Baba Cipkau ya ce, "Kai kuma mi za ka samu?"

"Lada, da zaman tare."

"Da ka ce mani ga abin da kake so, da hankalina ya hi kwanciya."

Malam Isuhu ya yi murmushi, ya yi sallama. Bayan ya tafi, manyan gari suka taru, wasu suka ce a gwada, wasu suka ce wanda ya ba ɗan kasuwa dabba ya tsallake iyaka da ita, to ya yi mata ban kwana. Baba Cipkau ya saurara har suka gama. Da safe ya ɗaura wuƙarsa a damtse ya ce mini, "Nomau, ɗauko gora. Ba ni ba shi sa. Raka sa za mu yi."

Da ƙafa muka tafi, ta Jibiya, ta Zurmi. Mu yi tafiya da sanyin safiya, rana in ta take mu fake a inuwa, da la'asar mu ci gaba. Gefen hanya mushen shanu ne a kwance, fata ta manne da ƙashi, angulaye sun ƙoshi har ba su tashi in ka matso. Yau ko a mota mutum ba ya so ya bi ta dajin nan, amma a lokacin abin tsoronmu ƙishirwa ce kawai, da kuma mutumin da muke tafiya tare da shi. In muka zauna hutu, Baba Cipkau a wuyan hannunsa yake ɗaure igiyar san. In Malam Isuhu ya tsaya salla, sai ya sa masa ido har ya sallame, kamar a cikin sujada ne zai ɓace da dabbar.

Ban taɓa ganin jirgi ba sai a Ƙaura. Kafin in gan shi na ji shi, wani kuka mai tsawo daga nesa kamar na bijimin da ya fi kowane bijimi, sannan ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata. Ya shigo a hankali, kansa kore, baƙin mai ya yi masa zane a gefe, yana wani bugu dum-dum-dum da nake ji a ƙirjina ba a kunne ba. Direban na can sama da tawul a wuya, yana leƙowa kamar mai kallon gonarsa. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce mini ai wannan sabo ne, na da gawayi yake ci, yana huci yana tartsatsi. Wannan kuwa gas yake sha, abin da mu muke ce wa gazuwal.

Taragon shanu a wutsiya yake, na mutane a gaba. Baba Cipkau ya ce shi tare da sansa zai zauna. Ma'aikacin tasha ya ce mutum ɗaya aka yarda wa ya bi dabbobi, kuma masu shanu sun riga sun zaɓi Malam Isuhu. Muka tura san ya hau, yana turjewa, aka ja ƙofar ƙarfe aka rufe shi da sauran. Baba Cipkau ya daɗe tsaye yana kallon ƙofar.

Zan faɗi gaskiya, duk da yunwa da fargaba, tafiyar nan ta yi mini daɗi, kuma har yau ina jin daɗinta. Kujerun katako ne, tagogi a buɗe, kaji a ɗaure ƙarƙashin ƙafa, mata da goyo, buhuna a kan hanya, wani soja na gyangyaɗi da hula a fuska. Jirgin na tafiya yana rangaji, ƙafafunsa na kiɗi iri ɗaya, iska na shigowa da warin gazuwal da na busasshiyar ciyawa. Ba ya wuce kowa. Ko ƙauyen da bai fi rumbuna goma ba, in yana da ƴar rumfar kwano a bakin dogo, sai ya tsaya. Ƴan mata su taso da farantai a ka, dafaffen rogo, rake, ƙwai, ruwan randa, a yi ciniki ta taga, a yi faɗa, a yi dariya. A wata tasha har ya fara motsi, direban ya hango wata tsohuwa tana gudu da ƙullin kaya, ya tsaya ya jira ta. Wata mata da ke kusa da mu ta dubi wuyanmu ta gane daga inda muka fito, ta miƙo mana rogo. Shi ne abu na farko mai nauyi da ya shiga cikina tun kaka.

Baba Cipkau bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kansa na waje. Duk inda hanya ta yi kwana, sai ya miƙa wuya ya hango wutsiyar jirgin, ya tabbata taragon shanu na biye, sannan ya koma ya zauna.

Bayan mun wuce Gusau muka tsaya a wata ƴar tasha a tsakiyar daji, muka daɗe. Wasu mutane suka bi gefen jirgin da dogayen guduma suna ƙwanƙwasa ƙafafunsa. Aka ja mu baya, aka tura mu gaba, ƙarfe na karo da ƙarfe. Daga nan ya yi kuka ya tashi. Da muka kai kwanar farko Baba Cipkau ya leƙa, sai na ji ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na cusa kaina ta gefensa. Wutsiyar ta gajarce. Can baya, a kan wani ɗan dogo na gefe, ga taragon shanu tsaye shi kaɗai cikin rana. Ga Malam Isuhu kusa da shi, ya ɗaga hannu sama. Ko cewa yake mu jira shi, ko sallama yake mana, har yau ban sani ba.

Baba Cipkau ya yi bakin ƙofa zai diro. Sojan nan ya farka ya rungume shi ta baya. "Tsoho, mutuwa za ka yi!" Suka yi ta kokawa har tashar ta ɓace. Sannan ya saki jiki ya zauna a ƙasa tsakanin buhuna.

"Ya ci mu, Nomau," ya ce. "Da idona buɗe ya ci mu."

Mutanen tarago suka rabu biyu. Wani mai sayar da magani ya ce abin da aka saba ne, in ƙafar tarago ta yi zafi dole a yanke shi, in ba haka ba wuta ta kama. Wani kuma ya ce a'a, ya san halin dillalan shanu, sukan shirya a ajiye musu tarago a tashar daji su sayar da dabbobin mutane, an yi wa wansa haka. Kowa ya kawo nasa labarin. Ni dai duk wanda ya yi magana sai in ji kamar shi ke da gaskiya.

A Funtuwa muka sauka, don iyakar tikitinmu ke nan. Komawa ba mu da abin komawa, kuma in mun koma Malam Isuhu ya iso bayanmu fa? Sai muka zauna a tasha. Muka shiga dako, Sarkin Noma guda da buhun wani a ka, ana ce masa "kai tsoho, yi sauri." Wata Bayerabiya mai sayar da abinci, da kowa ke kira Iya, takan ba mu ƙanzo in mun cika mata randuna. Duk kukan jirgin da muka ji daga arewa, sai mu yar da abin da ke hannunmu mu ruga. Na koyi ɗora tafin hannu a kan dogo in ji zuwansa tun bai yi kuka ba. Na fasinja ya zo ya wuce, na kaya ya zo ya wuce, ba jan sa, ba Malam Isuhu. Da yamma Baba Cipkau yakan zauna a ƙarshen tasha yana wasa wuƙarsa a gefen dogo, a hankali.

Sai ruwa ya sauka a Funtuwa. Ruwan fari, mai ƙarfi, kwanon tasha na ƙara kamar zai tsage, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne warin mai. Mutane na ta murna. Baba Cipkau ya fita cikin ruwan ya tsaya, fuskarsa na arewa.

"Gida ma ya kusa," ya ce. "In ya sauka can, mi za su sa cikin rami?"

Ni kuwa Tamo nake tunani, da watanta da ya tsaya.

Wata rana da tsakar rana jirgin kaya ya shigo daga arewa. Daga taragon ƙarshe wani gajeren mutum ya sauko da baya, rigarsa ta yage a kafaɗa, ya rame. Ya tsaya aka miƙo masa buhu biyu. Malam Isuhu ne. Babu sa.

Baba Cipkau ya taka a hankali har gabansa. "Ina sana?"

"Sarkin Noma, ka zamna mu yi magana."

"A tsaye na ba ka shi."

Malam Isuhu ya share fuska da hannun riga. Ya ce ƙafar taragon ce ta yi zafi har tana hayaƙi, shi ya sa aka yanke shi. Rana ta gasa rufin ƙarfe, ba ruwa kusa. San namu shi ya fi rauni, ya faɗi, sauran suka hau kansa. Kafin a samu wanda zai buɗe ƙofa ya riga ya fara shure-shure, sai ya sa masa wuƙa don kada ya tafi mushe. Ya kai naman ƙauyen da ke kusa, ya musanya da hatsi. Ga buhun iri, ga buhun dawa. Rabin abin da ya yi mana alkawari ke nan.

"Shanun abokanka hwa? Guda nawa sunka mutu?"

"Naka ɗai."

"Nawa ɗai," in ji Baba Cipkau. Ya maimaita, "Nawa ɗai."

Ya kwance bakin buhun iri, ya ɗebo, ya baza a tafin hannu, ya tauna ƙwaya ɗaya. Ya daɗe yana juya ta a baki.

"Wanga gero ne ko maiwa?"

Ƙwayar maiwa da ta gero kusan ɗaya suke a ido, amma maiwa doguwar damina take so. A ƙasarmu sai ta yi tsawo ta yi kyau, ruwa ya ɗauke ba ta fid da kai ba. Wanda ya shuka ta a madadin gero, kara kawai ya noma.

"Gero ne. Mai shi ya rantse mani."

"Ya rantse da mi? Kai ka ga zangarniyar?"

"Sussukakke na iske shi."

Na ga hannun Baba Cipkau na dama ya nufi damtsensa na hagu. Mutane sun fara taruwa. Na riƙe gwiwar hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ce, "Baba, ruwa ya sauka. Mu tahi gida." Ya juyo ya dube ni kamar bai san ni ba. Can ya sunkuya ya ɗaure bakin buhun da kansa, ƙulli biyu.

A kan buhunan muka zauna har Ƙaura. Wannan karon ƙasa ta sake kama, ciyawa ta tsiro a gefen dogo, mutane na cikin gonaki da sungumi suna ɗaga wa jirgi hannu. Malam Isuhu na zaune gabanmu, ya ɓare goro ya miƙo, Baba Cipkau ya kau da kai. Da muka iso ƴar tashar nan ta daji, ya leƙa yana neman jini ko ƙashi ko ƙaho. Ruwa ya wanke kome, taragon ma babu. Ya kira wani ma'aikaci ta taga.

"Ɗana, kwanan baya an yanka jan sa nan?"

"Baba, shanu ai kullum ana yankawa," in ji shi, yana kaɗa tutarsa. Jirgi ya tashi.

Daga Ƙaura Malam Isuhu ya samo mana jakuna, a Jibiya muka rabu. Muka iske ruwa ya sauka gida har ƙasa ta yi sanyi. Tamo ta haihu bayanmu, mace, ƴar mitsitsiya, amma tana tsotso. Wanda ya ɓoye ɗan iri ya riga ya shuka. Baba Cipkau ya raba namu da gidaje uku da ba su da ko ƙwaya, ya gaya musu a fili, "Ban san ko mi ne ba." Duk da haka suka karɓa da hannu biyu.

Gida duka muka fita. Shi a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefawa muna rufewa da diddige, har Tamo da jaririya a baya. Noman fari muka yi shi da kunun dawa tsararo a ciki. Mutum ya nome kunya biyu sai ya ga duhu-duhu, ya dogara da hauya har ya wuce. Shuka kuwa ta yi kyau, kyan da ya fara ba mu tsoro. Ta yi baƙi-baƙi, ta yi kauri, ta wuce kaina. Na maƙwabta da suka shuka irin gida ya fid da kai, ya yi bununi, namu ganye kawai. A bakin rijiya aka fara raɗa, maiwa ce. Mutanen gidajen nan uku suka rage gaishe mu. Malam Isuhu kuwa, da ba ya wata bai leƙo garinmu ba, duk daminar ba wanda ya ga ƙeyarsa. Wannan ya ƙara tabbatar wa kowa.

Kowace safiya Baba Cipkau yakan shiga tsakiyar gona shi kaɗai, ya zaɓi kara ɗaya, ya tsaga shi da farce ya duba ciki, ya yar. Da yamma ya tsaya ya dubi gabas yana auna sauran ruwan da ya rage a sama. Ya daina cin ko ɗan abin da ake ba shi.

Wata safiya ina ɗauke da hauya a kafaɗa na ji ya kira ni daga cikin gona, "Nomau!" Na kutsa, raɓa ta jiƙa ni sharkaf. Na same shi durƙushe da tsagaggen kara a hannu. A cikinsa ga wani ɗan abu fari-kore, mai laushi, bai fi ɗan yatsa ba. Cikin ƴan kwanaki gona duka ta fid da kai. Gero ne, mai nauyin tashi dai, kuma Allah ya sa ruwan shekarar ya jira shi. Ba mu cika rumbuna ba, amma an ji taɓare da asuba a gidanmu da gidajen nan uku.

Bayan wannan na shiga jirgin nan sau da yawa, shekara da shekaru ina zuwa cin rani, har na san tashoshinsa kamar gonakin garinmu. Zuwana Ƙaura na ƙarshe na tarar dogo ya yi tsatsa, awaki na kwance inda muke jiran tikiti. Na tsaya na ɗora hannu a kan ƙarfen, zafin rana kawai na ji.

Amma ban gama da Malam Isuhu ba. Da aka gama girbi, Baba Cipkau ya zaɓi dami mafi kyau ya ce in ɗauka, za mu Ɗan Issa. Ban san ko godiya za mu ba ko faɗa, shi ma bai faɗa ba. Muka same shi a zaure, kwance, ya zama rabin yadda muka san shi. Ashe tun dawowarmu ciwon ƙirji ya kayar da shi, duk daminar bai fita ba. Ya yunƙura ya zauna, ya fara doguwar gaisuwarsa yana tari.

Baba Cipkau kuwa idonsa na kan abin da aka shimfiɗa a tsakiyar zauren don baƙi. Fatar sa ce, ja. Ya durƙusa ya jawo ta, ya nemo wajen cinya, ga tambarin da shi da kansa ya ɗora da wuta. Ya bi ta da tafin hannu. A wajen haƙarƙari gashi ya goge wuri-wuri, ga tsaga, ga shaidar kofato a kan kofato, har wani wuri ya huje. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Abokaina sunka biyo mani da ita daga baya," in ji Malam Isuhu. "Na so in aiko maka, na ji tsoron ganinta ya tada maka rai."

Baba Cipkau ya mayar da fatar inda take, ya gyara mata zama. Ya nuna mini in ajiye damin. Ya ce, "Ga geronka ya yi. Allah shi ba ka lahiya." Muka fito.

Muka yi tafiya mai nisa, karan gero na ƙara ƙarƙashin ƙafafunmu, shanun Fulani na kiwo a gonakin da aka girbe. Sai da muka hango ruwan tafki na kasa haƙuri.

"Baba, ashe gaskiya ya hwaɗi."

"An tattake shi," ya ce. "Na gani."

Muka ƙara ƴar tafiya. Sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juya ya dubi wajen Ɗan Issa, ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Amma Nomau, hwatar nan ma ai tamu ce. Kai ka ji ya ce mu ɗauka?"